Kaset ɗin Gado da Ruwan Magarya

A Funtuwa aka yi wata amarya mai suna Barira, wadda aka kawo daga wani ƙauye can bayan Bakori. Irin matan nan ce da in an yi musu sallama sai sun dubi ƙasa kafin su amsa, kamar a nan aka rubuta amsar. Karatunta bai yi nisa ba, amma ido kam Allah ya ba ta. Ba abin da zai gilma a tsakar gida ba ta gani ba. Matsalar ɗaya ce: in ta gani ba ta tambaya. Sai ta shige ɗaki ita da zuciyarta su zauna su yanke hukunci, kuma a cikin su biyun ba wadda ta fi wata wayo.

Mijinta tela ne, Jazuli, autan gidansu, mutum mai fara'a da son zolaya. Da 'yan rakiya suka watse, ya zagaya da ita gidan yana nuna mata wurare, ya ce, "Amarya, komai na gidan nan naki ne. Har ni."

Ta rufe fuska da mayafi.

Sai ya ɗaga hannu ya nuna saman wadrob, inda wani tsohon gwangwanin biskit yake zaune. "Ban da wancan. Shi kam kar ki taɓa."

Da bai faɗa ba, da ko shekara goma za a yi idonta ba zai kai wurin ba. Amma tun da ya faɗa, ko shara take yi sai ta ji kamar gwangwanin na kallon ƙeyarta.

Ba a daɗe ba ta lura da wani abu. Duk ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci ya ci abinci, sai ya shiga ɗaki ya saki labule. Labulen kuwa yana da 'yar ɓula, kuma ba ita ta huda shi ba, ita dai ta same shi a haka. Ta nan ta ga ya sauko da gwangwanin, ya kwance wani farin ƙyalle. A ciki wasu abubuwa ne baƙaƙe masu kusurwa huɗu, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Sai ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya kai baki ya hura masa iska, fuu, fuu, ya goge da gefen riga. Leɓensa na motsi, yana wani ƙunƙuni ƙasa-ƙasa, wani lokacin har da lumshe ido. Ya ajiye, ya ɗauki na gaba. In ya gama ya naɗe su, ya mayar sama, ya fito yana fara'a kamar ba shi ba.

Ita kuwa a garinsu abu ɗaya ta san ana naɗewa a farin ƙyalle, a ɓoye a sama, a riƙa yi masa tofi.

Ana cikin haka azumi ya kama. Gwaggo Tabawa, ƙanwar babanta, ta zo daga ƙauye da tsarabar gero da kuka da daddawa. Gwaggo irin tsofaffin nan ce da ko kaza ta yi tuntuɓe sai ta ce da hannun wani a ciki. Jazuli na shago, ɗinkin Sallah ya taso shi gaba, sai magariba ake ganinsa. Barira ta yi ta kewaye-kewaye, ta yi zancen damina, ta yi zancen tsadar sukari, can dai ta ce, "Gwaggo, wai in mutum yana hura wa abu iska duk Juma'a, me ke nan?"

Gwaggo ta ajiye carbi. "Wane mutum?"

"Wani dai."

"Wanin da kike wanke wa kaya? Ɗauko min abin na gani."

"Ai ya ce kar na taɓa."

"Ni ya ce wa? Taka kujera ki miƙo min."

Da aka buɗe gwangwanin, Gwaggo ta fara da ƙyallen. Ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce, "Kin gani ko? Yadin likkafani." Gidan tela ne fa, farin ƙyalle ko tukunya da shi ake saukewa. Amma wannan tunanin bai zo wa Barira a lokacin ba. Tunanin kirki dama ba ya zuwar mata sai an gama aika-aika.

Ta dai yi ƙarfin hali ta ce, "Ko kaset ne, Gwaggo?"

"Ni za ki gaya wa kaset? Kaset ido biyu gare shi, da zare a cikinsa. Wannan ina idon? Ina zaren? Leƙa ta ƙasansa ki gani."

Barira ta leƙa. Can cikin tsagar sai ga wasu haƙora jere, launin zinare.

"Abu da haƙora ki ce min kaset? Laya ce ta 'yan birni, sun sa mata rigar roba don kar a gane."

A jikin kowanne akwai hoto da rubutun Turanci. Ɗaya mota, ɗaya tankar yaƙi, ɗaya tsuntsu, ɗaya wasu mutane biyu suna buga ƙwallo. Gwaggo ta jera su a tabarma ta daɗe tana girgiza kai, sannan ta dubi Barira.

"Ke 'yar nan, faɗa min tsakaninki da Allah. In kin ji ƙarar babur ɗinsa daga bakin layi, gabanki na faɗuwa?"

Barira ta sunkuyar da kai. "Yana faɗuwa."

"In kina zuba miya, tsokar da ta fi girma a kwanon wa take faɗawa?"

"Nasa."

"In bai dawo da wuri ba, abinci na wuce miki?"

"Ba ya wucewa."

"In ya yi maganar da ba ta da ban dariya, kina dariya?"

"Gwaggo, ai yana da ban dariya."

Gwaggo ta tafa hannu ta saki salati. "Shi ke nan, an gama da ke! Mallaka ce. Ni da na yi shekara arba'in da marigayi, ko sau ɗaya gabana bai taɓa faɗuwa don ya dawo ba, sai dai in na ƙona tuwo."

Barira ta zuba wa abubuwan ido. Ita duk zatonta daga zuciyarta abin yake fitowa, ashe daga gwangwanin biskit ne.

Gwaggo ta ba da magani: ganyen magarya bakwai, a daka, a zuba a ruwa, a karanta abin da ya sawwaƙa, a tsoma layun duka su jiƙu sharaf. Washegari ta hau mota ta koma ƙauye ta bar Barira da aiki.

Da hantsi, bayan Jazuli ya fita, ta aika aka tsinko mata magarya. Ta je dakawa ta tarar turmin duk ƙaurin barkono, ta ji tsoron kar ta karya sihiri ta haɗa wa bawan Allah da yaji, sai ta yayyaga ganyen da hannu. Ta zuba a roba, ta cika da ruwa, ta karanta abin da ta iya, ta rufe ido ta tsoma su. Nan take suka fara fitar da kumfa, ɓul, ɓul, ɓul. Ta ja da baya ta ce a ranta, lallai Gwaggo ta san aikinta, ga abin nan yana fita.

Da azahar ta dawo dubawa, sai ta tarar hotunan duk sun ɓare suna yawo a saman ruwa, mota na bin tsuntsu, tanka ta kife a kan 'yan ƙwallo. Nan ta fara sanin cewa Gwaggo ta faɗi yadda ake shiga, ba ta faɗi yadda ake fita ba. Ta tsame su da sauri, ta yarfe, ta shanya a faifai kusa da kuɓewar da take busarwa, ta zauna gadi tana korar kaji. Da suka bushe ta jiƙa ƙaro za ta manna hotunan, sai ga wata sabuwa: abubuwan nan duk baƙaƙe ne, duk kamarsu ɗaya, ba ta san wane hoto ne na wane ba. Ta yi bismillah ta manna yadda Allah ya nufa, ta naɗe, ta mayar saman wadrob.

Da magariba ta gabato ta kasa kunne don ta gwada ko ta warke. Can sai ga ƙarar babur daga bakin layi. Gabanta ya yanke ya faɗi, faɗuwar da bai taɓa yi ba. Ta rasa gane ko mallakar ce ba ta karye ba, ko tsoro ne ya zo ya hau kanta suka zama biyu.

Allah ya taimake ta ɗinki ya yi wa Jazuli yawa, Juma'a ma daga masallaci shago yake wucewa, gwangwani bai sauko ba. Har ta fara sakin jiki. Sai ana gab da Sallah ya shigo shan ruwa bakinsa har kunne.

"Amarya, albishirinki."

"Goro."

"Hajiya ta yanke hukunci. Washegarin Sallah za a haɗa gem ɗin Alhaji."

"Za a haɗa me?"

Ya gyara zama, ya ture kofin kunu gefe. Ya ce ai mahaifinsu, marigayi Alhaji, dillalin auduga ne, kuma a shekarar da ya sauke farali ya shiga kasuwa a Jidda ya ga wani ɗan akwati mai fuskar katako, ya saya a zaton rikoda ce. Da ya dawo aka kawo kaset ɗin wa'azi aka cusa ta nan ya ƙi, aka cusa ta can ya ƙi. Akwati ya yi wata da watanni a ƙarƙashin gado, sai da wani malamin makaranta a layinsu ya gani ya ce, Alhaji, wannan ai da talabijin ake haɗa shi.

"Amarya, ranar da aka kunna abin nan, duk yaran unguwa sai da suka rataye a tagarmu, har iska ta daina shigowa. Mutum ya motsa hannunsa a nan, abu ya motsa a cikin talabijin! Wani tsoho cewa ya yi a kashe, da mutane a ciki. Duk wannan gem ɗin da kike gani a waya, da na shagunan kasuwa, wannan ne kakansu."

Ya ce Alhaji doka ya kafa: ba a kunnawa sai Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo, kuma ba a daɗewa, wai yana shanye ƙarfin talabijin. In adaftar ta yi zafi sai a naɗe ta a tsumma a jingina da randa ta huce. Hannun bugawa biyu ne kacal. Yaya Lawandi, babban wansu, ya riƙe ɗaya. Yaya Hansatu, mai bi masa, ta riƙe ɗaya.

"Kai fa?" in ji Barira.

"Ni? Ni ne mai hurawa. In kaset ɗin gem ya ƙi kamawa sai a ce, Auta, hura. Na hura, a karɓe, a ce matsa ka tare mana haske. Har na yi gemu ban taɓa buga wasa ɗaya ya kai ƙarshe ba."

Da Alhaji ya rasu, malamai suka raba gida da gona yadda shari'a ta ce, lafiya lau. Sai tarkacen ɗaki aka bar wa wani kawunsu ya raba. Kawu bai san abin a haɗe yake ba. Ya baje a tabarma ya ga kaya kashi uku, ga 'ya'ya uku, ya ce Alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi. Ya ba Yaya Lawandi akwatin, ya ba Yaya Hansatu hannayen da wayoyinsu, ya ba auta kaset. Tun daga ranar ba a ƙara kunna shi ba. Lawandi ya ce shi ne babba, a kawo gidansa. Hansatu ta ce daga Kaduna ba za ta ɗauko kayanta ta kai wa ƙato ba. Jazuli ya ce ya gama yi wa mutane bauta, mai son kaset ya zo ya yi sallama. Yanzu Hajiya, mahaifiyarsu, ta ce tsufa ya kama ta, tana so ta ƙara jin ƙarar abin nan a ɗakinta da 'ya'yanta a gabanta, kuma wanda bai kawo nasa kason ba kar ya zo mata barka da Sallah.

Barira ta ce, "Kaset ɗin... su ne na saman wadrob?"

"Su ne mana. Kuma za ki ga yadda zan kunyata su Yaya. Ni kaɗai na riƙe amana. Duk Juma'a sai na hure musu ƙura."

"To addu'ar da ake yi musu fa?"

"Wace addu'a?" Ya tsaya, sai ya fashe da dariya. "Au, leƙe kike yi? Kiɗan ciki ne nake tunawa. Tit, tit, tuuu." Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa. "Abu ɗaya ne ke kashe su, ruwa. Da ko yawu ya shiga wajen hurawa, sai Yaya ya ranƙwashe ni."

Kunu ya sarƙe Barira. Ta yi ta tari har da hawaye, shi kuma yana bubbuga mata baya yana cewa ta sha a hankali, ba mai ƙwace mata.

Daga ranar ta shiga neman bakin da za ta faɗa masa. Ta shirya maganar tana wanke-wanke, ta maimaita tana tankaɗe, amma da zarar ya shigo ta buɗe baki, abin da ke fitowa shi ne, "Sannu da aiki." Da abin ya ishe ta ta kira Gwaggo a waya ta zayyana mata komai.

Gwaggo ta ce, "Tsaya. Da can ya taɓa ba ki wannan labarin?"

"A'a."

"To kin gani? Magarya ta yi aiki, bakinsa ya buɗe. Ki gaishe shi." Ta kashe waya.

Washegarin Sallah aka hallara a ɗakin Hajiya. Tsohuwar talabijin ɗin Alhaji, mai ƙofa biyu kamar kabad, wadda ta shekara da shekaru tana aikin ɗaukar kwanonin samira, an sauke mata kaya, mai gyara ya tashe ta. Yaya Lawandi ya iso da babbar riga tana ƙamshin sitati, mutum mai jikoki, gemu ya yi furfura, ya rungumo akwatin a naɗe cikin darduma. Yaya Hansatu ta zuge jaka ta fito da hannayen: kowanne ɗan akwati ne da wata 'yar taɓarya a tsaye a tsakiyarsa da jan maɓalli ɗaya. Jazuli ya ajiye gwangwaninsa a tsakiyar ɗaki yana wani ɗaga kafaɗa. Barira kuwa ta laɓe a bayan kulolin abinci kusa da ƙafar Hajiya, ta ja mayafi har hanci, tana roƙon Allah a ɗauke wuta. Wutar da kullum sai an yi ta jira, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Aka jona wayoyi. Talabijin ta yi shuu, fuskarta ta cika da yashi.

Lawandi ya miƙa hannu ba tare da ya juyo ba. "Auta, na mota. Hura."

Jazuli ya hura, aka danna a akwati. Yashi. Ya zare ya ƙara hurawa. Yashi. Hansatu ta karɓa ta ce hurawar maza ba ta da albarka, ta hura nata. Yashi.

"Amanar ke nan, Auta?" in ji Lawandi. "Kawo nan, ba ku iya ba."

Ya naɗe hannun riga, ya ja numfashi har cikinsa ya taso, ya hura da ƙarfin da Allah ya ba shi. Sai ga wani ɗan abu kore ya yi tsalle daga cikin kaset ɗin, ya yi juyi a iska, ya sauka a gemunsa.

Hansatu ta tsince shi ta miƙa wa Hajiya. Hajiya ta murza a yatsa, ta kai hanci.

"Magarya ce."

"Magarya kuma? A cikin kaset?"

Lawandi ya danna kaset ɗin don haushi, sai talabijin ta yi tit, yashi ya washe, hoto ya fito tar. Su uku suka yi kabbara. Amma ba mota ba ce, wasu tankoki ne biyu suke kallon juna.

"Na ce na mota."

"Na mota ne, Yaya, ga hoton nan."

Aka sa na tsuntsu, mota ta fito. Aka sa na tanka, tsuntsu ya fito. Jazuli ya ɗauki na huɗun ya juya shi, ya ga 'yan ƙwallon kansu a ƙasa ƙafafu a sama. Ya shinshina, ya ji ƙaro. A hankali ya juyo ya dubi bayan kuloli, kuma fara'ar nan da ba ta barin fuskarsa ta tafi. Wannan kallon shi Barira ta yi kwana da kwanaki tana tsoro, kuma da ya zo ya fi yadda ta zata ciwo.

Hajiya ta ce, "Amarya, matso nan."

Ta ja jiki ta matso. Ta ga in ta yi magana a fili a gaban yayan miji ƙasa za ta tsage, sai ta kai baki kunnen Hajiya ta fara raɗa. Abin da ta manta shi ne kunnen Hajiya ya yi nauyi, kuma mai nauyin kunne in ya ji abu sai ya maimaita don ya tabbatar.

"Kika jiƙa su? A roba?"

Barira ta ƙara raɗawa.

"Wai laya! Ta zaci layu ne!"

Ta ƙara ƙasa da murya.

"Mallaka? Wa ya mallake wa? Au, ke?"

"Hajiya, a hankali," in ji Barira, hawaye na zuba.

"To ai a hankali nake. Wai gabanta ne ke faɗuwa in ta ji babur ɗinsa! Wai in bai dawo ba abinci ba ya wuce mata! Wai babbar tsoka..."

Hansatu ce ta fara faɗuwa a kan katifa tana riƙe ciki. Lawandi ya so ya riƙe girma, ya yi gyaran murya, ya ƙara yi, sai dariyar ta ƙwace ta hanci. Hajiya na share ido da gefen zani tana cewa, "Allah sarki yarinya. Wannan ciwon ai ba magarya ke maganinsa ba."

Jazuli ya tsaya da kaset a hannu, ya rasa wanne zai ɗauka, fushi ko daɗi. Ya ce, "Ruwa fa, Amarya. Ruwa kika tsoma su." Sai kuma ya sosa ƙeya ya ƙara da ƙaramar murya, "Da gaske abinci ba ya wucewa?"

Barira ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Da za a ba ta zaɓi a lokacin, da ita ma a naɗe ta a farin ƙyalle a ɗora saman wadrob.

Hansatu ta tashi tana gyara ɗankwali. "Ku bar yarinya ta huta. Ni ban taɓa ganin hoton nan ya fito tar haka ba, ko zamanin Alhaji. Wanki dama suke so. Sa na ƙwallo mu gani."

Aka sa, aka yi sa'a shi kaɗai hotonsa ya dace, ko da yake a kife. Barira ta ɗago ido ɗaya ta cikin mayafi don ta ga abin da ya hana ta barci, ya raba 'yan uwa, ya sa ta tona cikinta a gaban surukai. Sai ta ga wani ɗan layi a dama, wani ɗan layi a hagu, da ɗigo ɗaya yana zuwa yana dawowa. Tit. Tit. Shi ke nan. Ƙwallon ma ba zagayayye ba ne.

Kafin ta gama mamaki Lawandi ya cafke hannu ɗaya, Hansatu ta cafke ɗaya.

"Ni fa?" in ji Jazuli.

"Kai hura na gaba."

"Wallahi ba zan hura ba! Na girma!"

"Matsa, ka tare mana haske."

Ɗigo ya wuce Lawandi, Hansatu ta yi guɗa. Lawandi ya ce hannun bugawarsa ne ya lalace, ta ba shi mai matacciyar taɓarya da gangan, tun suna yara haka take. Ta ce hannayen duka nata ne, in bai so ya ajiye. Ya ce a cikin akwatin wa ake bugawa? Jazuli ya miƙa hannu ya zare kaset ana tsakiyar wasa, talabijin ta koma shuu, ya ce to kowa ya buga da kasonsa. Hansatu ta jefe shi da filo. Lawandi ya tashi tsaye zai kamo shi, ya taka babbar rigarsa, hula ta faɗi ta gangara ƙarƙashin gado. Hajiya na buga sanda a ƙasa tana cewa a ba Auta sau ɗaya, fuskarta kuwa fal murna, har da cewa ita a bar mata na tsuntsu.

Aka mayar da kaset, aka ba Jazuli hannu. Ɗigo na farko ya wuce shi, na biyu ya wuce shi, ya ce ba a fara ba, gwaji ne. Tuwon shinkafa ya huce a kula, miyar taushe ta yi fata, baƙi biyu suka yi sallama a tsakar gida suka gaji suka tafi. Lawandi ya dawo kan hannu, ya durƙusa a gaban talabijin kamar mai neman gafara, harshe a waje, kafaɗa na bin ɗigo dama da hagu.

Can da ya samu ya ci ɗaya, ya yi ihu ya daki cinya. Ya juyo yana haki, kai ba hula, gumi na bin gemu, sai idonsa ya faɗa kan Barira a bayan kuloli.

"To, Amarya, kin dai gani da idonki. Yanzu kin yarda ba asiri a ciki ko?"

Barira ta dubi hular da ke ƙarƙashin gado. Ta dubi Yaya Hansatu da ɗankwali a wuya, ta dubi mijinta da ke jan waya yana rantsuwa layinsa ne. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, ta ce da tabarma:

"Ni dai Yaya, gani nake ganyen ne ya yi kaɗan."